Riƙo: Yadda Ɗan Wani Ke Zama Ɗan Gida

  

Maganarmu ta yau daga Malbaza ta fito, cikin jihar Tawa, amma ta shafi kowane gari na ƙasar nan. Magana ce a kan riƙo. Kai mai sauraro, ka ɗan bi gidajen unguwarku da ido. Ba za ka yi nisa ba sai ka tarar da yaron da ke kwana ɗakin matar da ba ita ta haife shi ba. Wataƙila ma gidanka ne. Wataƙila kai kanka haka ka tashi. Muna da sunaye da yawa na irin waɗannan yara: ɗan riƙo da ɗiyar riƙo, maraya, agola wanda uwarsa ta zo da shi gidan sabon miji, har da Talle, sunan da ake laƙaba wa jaririn da aka tallafa bayan ya rasa mahaifi ko mahaifiya. Harshen da ya tanadi waɗannan sunaye shi ne kuma ya tanadi maganar nan ta riƙon sakainar kashi. Ashe tun da can an san riƙo iri biyu ne. Abin da za mu duba yau shi ne me ke sa yaro ya saki jiki a gidan da ba a haife shi ba, har ya ce "gidanmu" ba tare da ya yi tunani ba, me kuma ke sa wani ya shekara goma yana zaune kamar baƙon da ke jiran mota.

Turawa suna da nasu tsari. Wurinsu alƙali ne ke yanke yaro daga danginsa na jini, ya ba shi sunan sabon uba, ya zama magaji. Namu ba haka yake ba. Wurinmu yaro yana canza ɗaki ne, dangi kuwa yana nan inda yake. Hanyoyin da yake bi ya zo hannunka ku kun san su. Akwai ɗan fari, wanda uwa ke jin kunyarsa, ba ta ko kiran sunansa, da an yaye shi sai ɗakin kaka. Akwai gwaggo ko inna da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta ya ce "ga wannan, naki ne", wani lokaci ma tun yana ciki aka yi mata alkawarinsa. Akwai mutuwa, akwai mutuwar aure. Mu nan Adar da ƙasar Ƙonni muna da ƙarin wata hanya, wato bida: maigida ya tafi Abijan ko Libiya ko Legas, shekara ta zagayo bai dawo ba, matar ta koma gidansu, yaran a rarraba su. Dattawa suna tune da yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 zuwa 1985, wadda aka yi wa suna El Buhari, lokacin da iyaye suka riƙa miƙa ƴaƴansu ga duk ɗan'uwan da ke da sauran hatsi a rumbu. Tun da aka kafa masana'antar siminti a Malbaza cikin shekarun 1960, mai albashi a garin nan bai taɓa rasa ɗan ƙane ko ɗiyar yaya daga ƙauye ba. Yanzu kuma ga ƴan kolej da ke barin ƙauyukansu su zo Malbaza ko Ƙonni ko Illela su zauna gidan wani, tun daga buɗe lakwal har hutun damina.

Abin ba na yau ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi, ɗiyarsa Nana Asma'u da aka haifa a Degel a 1793 ta rasa mahaifiyarta Maimuna tun tana ƙarama, matan Shehu ne suka rene ta. Kun san malamar da ta zama. Can ƙasar Zazzau kuma an yi wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta zauna ɗaki babu ɗa ba, don ƴaƴan dangi ta riƙe. Maƙwabtanmu Bargawa na arewacin Benin ma, a da, yaro ya tashi hannun wani ɗan'uwa shi ne abin da aka saba, ba hannun waɗanda suka haife shi ba.

To, ta yaya zuciyar yaro ke kama mutum? Nan za mu ɗan daɗe, don nan ne yawancinmu muke ganin mun sani.

Mutane da yawa suna cewa yaro na mai ba shi abinci ne. A 1958 wani masani a Amurka mai suna Harry Harlow ya gwada wannan magana da ƴaƴan birai. Ya raba su da iyayensu, ya yi musu uwa biyu ta ƙarya. Ɗaya ta waya ce tsirara, amma an maƙala mata kwalbar madara. Ɗaya kuma an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle, babu ko ɗigon madara a jikinta. Ƴan biran sai su je su sha wurin ta waya, su dawo da gudu su wuni maƙale da ta ƙyalle. In aka tsorata su, wurin ta ƙyallen suke rugawa. Gwajin akwai rashin tausayi cikinsa, amma ya nuna abin da kowace mai goyo ta sani a bayanta: ɗumin jiki da lallashi suna da nasu matsayi, tuwo bai biyan su.

Kafin nan, a 1951, wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari babu gida. Abin da ya gano shi ne ƙaramin yaro yana bukatar mutum tsayayye, wanda ba ya canzawa, mai amsa masa in ya kira. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ita nan Afirka ta zo. A 1954 da 1955 ta riƙa zagaya gidaje 26 kusa da Kampala, ƙasar Uganda, tana zama tana kallon uwa da ɗa. Abin da ya fara jan hankalinta can, ta ji an ce suna da al'adar kai yaro wurin kaka lokacin yaye don ya manta nono, irin tamu ke nan. Ta ga cewa jaririn da uwarsa ke saurin gane abin da yake so, shi ne mai kwanciyar hankali: ya rarrafa ya je ya yi wasa, ya waiwayo ya ga tana nan, ya ci gaba. Ta kuma ga yaro yana iya shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya, uwa da uba da kaka da mai reno.

Mu ma muna da sunan wannan abu. Jariri ɗan wata biyu ko uku, kowa ya ɗauke shi sai ya yarda. Da ya kai wata shida zuwa tara sai ya fara ƙiwa, baƙo ya miƙo hannu ya fashe da kuka. Mata kan ce yaron nan ya cika ƙiwa, kamar wani aibi. Ƙiwa alama ce ta cewa ya riga ya zaɓi mutanensa. Kuma ba jini yake bi wurin zaɓen ba. Wadda ta tashi tsakar dare da ya yi kuka, ta goya shi, ta wanke shi, ta yi masa wasa, yau da gobe, ita yake zaɓa. Don haka ke da aka ba jariri tallafi, kada wani ya sa miki shakka cewa ba zai so ki ba tun da ba daga cikinki ya fito ba.

Abin da ke faruwa in yaro ya rasa mutum tsayayye, duniya ta gan shi a ƙasar Romaniya. Da gwamnatin can ta faɗi a ƙarshen 1989, aka buɗe gidajen marayu aka tarar da dubban yara kwance cikin gadaje, ma'aikaciya guda tana duba jarirai masu yawa, ba mai ɗauka, ba mai yi musu magana. Wasu sun daina kuka ma, tun da kukan bai kawo kowa. Wani likita, Michael Rutter, da abokan aikinsa suka bi sawun yara 165 da aka kai gidajen mutane a Ingila, har suka zama manya. Waɗanda aka ɗauko kafin su cika wata shida sun tashi kusan daidai da sauran yara. Waɗanda suka daɗe can sun fi shan wahala wurin shaƙuwa da natsuwa, ko da yake da dama cikinsu sun warware a hannun iyayen da suka yi haƙuri da su. Shi ya sa nake cewa al'adarmu ta miƙa maraya ga dangi maimakon tara su gida ɗaya, gado ce mai kyau. Sai dai a gyara yadda ake yin ta.

Ku dubi yaye. Yaro ɗan wata goma sha tara ko shekara biyu ya riga ya gama ƙulla zuciyarsa da uwarsa. Ran nan da safe sai a saɓa shi a kai shi wani gari, a rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa bayan da ya saba hawa, ya rasa ɗakin da ya sani. Ya yi kuka kwana uku ya yi shiru, sai mu ce ai ya manta. Sau da yawa gajiya ya yi. Ku manoman albasa na Galmi da Tsarnawa kun fi kowa sanin dashe. Ba a fizge iri da rana tsaka a cusa shi a busasshiyar ƙasa. Ana jiƙa fangali tukuna, a cire shi da saiwarsa, a dasa da sanyin yamma, a bi shi da ruwa. Duk da haka sai ya yi yaushi na ƴan kwanaki kafin ya miƙe, ba kuwa wanda ke zagin albasa don ta yi yaushi. In za a ba ki yaro, ki fara zuwa gidan tun da sauran wata biyu ko uku, ki ɗauke shi, ki ba shi fura da hannunki, ya san muryarki. Ran tafiya a haɗa masa da zanen goyonsa da ɗan kwanonsa. In uwar tana iya rako shi ta kwana biyu, ya fi. In da hali kada a haɗa yaye da ƙaura a mako ɗaya. Ya iso kuma, ya zama mace ɗaya ce ke kwana da shi, ba yau ɗakin wannan gobe ɗakin waccan ba.

Yaushin yaro yana da kamanni da yawa. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wani ya riƙa ɓoye tuwo ƙarƙashin tabarma, ko ya ci har ya yi amai, musamman wanda ya taɓa kwana da yunwa. Wani ya bi ki zungui-zungui har bakin makewayi, don wadda ta gabace ki ta fita ne ba ta dawo ba. Ɗan shekara bakwai ko takwas kuma, bayan ƴan makonni na ladabi, sai ya tsiro da rashin ji: ya fasa ƙwarya, ya yi ƙarya, ya ɗauki dala biyar. Nan ne maigida kan ce, "Na gaji, a maida shi." Ka tsaya ka yi tunani. Yaron nan an taɓa ɗauke shi daga wani wuri, bai san laifin da ya yi ba. Yana son ya san iyakar inda igiyarka ta kai. Ka tsawata masa kamar yadda za ka tsawata wa naka, ka hana abin da ya kamata a hana. Amma kalmar nan "zan maida ka gidanku", ka cire ta daga bakinka. Bulala ba ta kai ta ciwo ba. Duk ran da ka faɗe ta, ka gaya masa ke nan cewa nan ba gidansu ba ne.

Ni wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yaron da kowa ke yabo. Ba ya roƙo, ba ya gardama, kafin a ce ɗebo ruwa ya ɗauki guga, ko zazzaɓi yake ba ya faɗi. Ɗan gida yana shagwaɓa, yana fushi, yana cewa ba ya son miyar kuka yau. Ran da ɗan riƙonki ya turo baki ya ce ƙosai yake so, ki yi murna a ranki, ya fara zama.

Sai maganar adalci. Yaro ba ya karatu amma yana lissafi, lissafinsa kuwa ba ya kuskure. Ya san wa aka fara zuba wa, ya san wa ya samu tsoka wa ya samu ƙashi. Ya san kayan sallarsa daga gwanjo suka fito alhali na ƴan ɗakin ɗinki ne. Ya san in ɗan masu gida ya yi zazzaɓi gidan likita ake kai shi, shi kuwa sai jiƙo. Babbar shaida ita ce safiya: in ƴaƴanki sun rataya jaka sun nufi lakwal, ɗiyar riƙo kuma ta ɗauki faranti ta nufi tasha talla, to ƴar aiki kika ɗauka wadda ba a biya, kada ki ce da mutane riƙo kike. Ba a ce kada ta yi aiki ba. Daka da wanke-wanke da ɗiban ruwa duk tarbiyya ce, a raba su daidai da shekarun kowa. Talauci ma ba hujja ba ne. Gidan da kowa ya sha kunu tsurarsa, ba yaron da ke jin an ware shi. Bambanci ke ciwo.

Ku lura da baki kuma. Baƙuwa ta shigo ta ce, "Wannan fa?" sai a ce, "A'a, wannan ɗiyar wane ce, muna riƙo." Gaskiya ne, amma a kunnen yarinyar kullum ana tuna mata. Me zai hana ki ce, "Ɗiyata ce," in baƙuwar tana son ƙarin bayani ku yi shi bayan yarinya ta fita? In ya yi laifi kada a ce halin ubansa ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada a zagi uwarsa gabansa ko da ita ta gudu ta bar shi, don yaro yana jin rabinsa ake zagi. Ƴaƴan cikinki kuwa abin da suka ji a bakinki da dare shi za su faɗa masa da rana wurin wasa. Su ma a ji tausayinsu: an rage musu wuri a tabarma, dole su yi kishi. A gaya musu tun kafin ya zo, a ba babban cikinsu amanarsa.

Iyaye maza, ga taku. Yayanka ya rasu, zumunci ya motsa, ka ɗauko ɗansa a bayan babur ka sauke tsakar gida ka ce da matarka, "Ga ɗa nan," ka koma majalisa. Kai ka samu yabo wurin dangi. Ita ce za ta wanke fitsarin, ita za ta raba tuwon da bai ƙaru ba. Yawancin abin da ake kira muguntar matar uba ko matar kawu, daga nan yake farawa. Ka shawarce ta tun da fari, ka ƙara awo, ka riƙa tambayar yaron da kanka abin da mushe ya koya musu yau. Agola ma haka. Ka auri uwarsa ka san da shi. In ba za ka iya ba, ka faɗa tun kafin a shafa fatiha.

Yanzu mun zo ga tambayar da ta fi damun masu riƙo na kirki, waɗanda suka ɗauki yaro tun yana tsumma suka so shi kamar ransu: a gaya masa, ko a ɓoye?

Addini ya riga ya amsa. Zaidu ɗan Harisa an kama shi yana yaro aka sayar, ya zo hannun Nana Khadija, ta ba Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Da mahaifinsa da baffansa suka gano inda yake suka zo fansa, aka ba Zaidu zaɓi, ya zaɓi ya zauna. Mutane suka daɗe suna kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har aka saukar da aya ta 4 da ta 5 cikin Suratul Ahzabi, aka yi umurni a riƙa danganta irin waɗannan ƴaƴa ga iyayensu na asali, wanda ba a san ubansa ba kuma a ɗauke shi ɗan'uwa cikin addini. Zaidu ya koma ɗan Harisa, ƙaunar kuwa ba ta ragu ba, sahabbai suna kiransa masoyin Manzo har ya yi shahada a Mu'uta. Shi kansa Manzon maraya ne. Halimatu Sa'adiya ta shayar da shi, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, sannan baffansa Abu Ɗalibi da matarsa Faɗimatu ƴar Asad, wadda da ta rasu ya ba da rigarsa aka yi mata likkafani. Bayan yaƙin Hunaini, da aka kawo masa Shaima'u, yayarsa ta nono, mayafinsa ya shimfiɗa mata ta zauna. Ka ga mutum yana iya sanin asalinsa sarai, ya kuma riƙe waɗanda suka rene shi da hannu biyu.

Ɓoyewa kuwa ba ta ɗorewa a garuruwanmu. Na taɓa koyar da wani saurayi a wani ƙauye na yankin Dogarawa, ya haura shekara ashirin. Da ya fara haɗa baƙi, abin da ya fara ɗaukowa ya gwada karatunsa shi ne takardar haihuwarsa da ke cikin akwatin gidan. Ya karanta sunansa, ya karanta garinsu, ya zo kan sunan uba, sai ya ga ba na wanda yake kira Baba ba ne. Kawunsa ne ya riƙe shi tun yana jinjiri, kuma bai taɓa nuna masa bambanci ba. Da muka zauna daga baya ya ce mini abin da ya fi ci masa rai shi ne duk garin sun sani, har abokan wasansa, shi kaɗai ne bai sani ba. Wani a bakin kishiya yake ji, ranar faɗa. Wata sai ranar ɗaurin aurenta, da aka tambayi waliyyi. Mafi muni shi ne wanda ke ji ranar rabon gado, an binne wanda yake kira uba, malam ya lissafa magada bai ji sunansa ba.

Ki gaya masa da bakinki, tun yana ƙarami, cikin daɗin rai, kamar tatsuniya. "Kana da inna biyu. Ɗaya ta haife ka, ta rasu kana goye, sunanta wance, tana da fara'a kamar kai. Ni na roƙa aka ba ni kai." Ɗan shekara uku ko huɗu zai ji ya koma wasansa. Zai dawo da tambaya yana ɗan bakwai, ya sake dawowa lokacin balaga, wani lokaci da fushi, har ya ce, "Ai ke ba uwata ba ce." Za ki ji zafi. Ki daure ki ce, "Ban haife ka ba, amma ni ce dai, kuma ga tuwonka nan." In iyayen suna raye a kai shi ya gan su, salla da hutu, tun da zumunta a ƙafa take. Wadda ta haifa da wadda ta rena ba kishiyoyi ba ne, kada a sa yaro ya zaɓa. Ke uwar da kika bayar, in ya zo kada ki ja shi ƙurya kina tambaya ko ana ba shi abinci. In kina da zargi ki je ki gani da idonki, ki yi magana da manya.

Akwai hukunce-hukunce biyu da jahilcinsu ke ɓata riƙo mai kyau. Na farko nono. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jaririn da ya sha nonon mace cikin shekarunsa biyu na farko, ko kaɗan ne, ya zama ɗanta na shayarwa, ƴaƴanta sun zama ƴan'uwansa, babu aure tsakaninsu. Wanda bai sha ba kuwa, ko tabarma ɗaya suka tashi, aure ya halatta. Sayyidina Aliyu a gidan Manzo ya tashi, ya kuma auri Nana Faɗima. Don haka duk wadda ta shayar da ɗan wata, ta faɗa wa mijinta da dangi, wanda ya iya rubutu ya rubuta ya ajiye. An sha raba auren da ya kai ga haihuwa saboda wata tsohuwa ta tuna a makare.

Na biyu gado. Riƙo ba ya sa gado, nono ma ba ya sa shi. Har jikan da ubansa ya riga kakan rasuwa, in kakan ya bar ƴaƴa maza, ba ya samun komai ta hanyar gado, ko da a ɗakin kakan ya girma yana yi masa noma. Amma shari'a ta bar maka ƙofa biyu. Kana iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarka ba ga wanda ba ya cikin magada. Kana kuma iya yi masa kyauta tun kana da lafiyarka, gona ko garka ko saniya, ka damƙa masa a gaban shaidu. Kada ka tsaya ga "ai ƙannensa ba za su hana shi ba". A rubuta, liman da maigari su sa hannu. Abin da uban maraya ya bari kuwa amana ce a hannunka, ba ladan riƙo ba; ka san adadinsa, ka miƙa masa in ya yi hankali. Dokar duniya ma ta san wannan hanya tamu. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci kafala ta Musulunci cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gidansu. Takardar haihuwa kuwa a yi masa ita da sunan iyayensa na gaskiya. In lokacin shelar haihuwa ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali, kuma gara a yi tun kafin shekarar jarrabawa.

Saura abu guda, wanda ba a cika faɗi ba don kunya. Mace ta karɓi yarinya tana ƴar shekara biyu, ta yi jinyar ƙyandarta, ta yi mata kitso, ta fara tara mata kwanoni da tasoshi ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta kai goma sha uku, ta iya tuwo, masu so sun fara leƙowa, sai ga manzo daga gidan uba: a maido ta. Ko yaro ya isa riƙe hauya, sai a tuna da shi. Uwar riƙo ba ta da bakin magana, sai ta shiga ɗaki ta yi kuka a ɓoye, in an gan ta a ce, "Keda ba ke kika haifa ba?" Ai sabo ake yi wa kuka. Yarinyar kuma ba wanda ya tambaye ta, an sake tumɓuke ta karo na biyu, ta je gidan da ake ce mata nasu ne alhali ba ta san inda ake ajiye ludayi ba. Haƙƙin uba yana nan, ba mai ƙwace masa. Amma tun ranar bayarwa ya kamata a zauna, da mai bayarwa da mai karɓa da dattijo biyu, a faɗi magana a fili: riƙon nan na shekara nawa ne, ko har aure? Wa zai sa ta lakwal, wa zai biya magani, wa zai yi kayan ɗaki, wa za a fara tambaya in mai neman aure ya zo? In dole ta sa a maida yaro, a ba shi lokaci, a ji ta bakinsa in ya yi wayo, a kuma bar masa hanyar komawa ya kwana ɗakin da ya tashi duk lokacin da ya so.

Ku da ke cibiyoyi, kafin ku watse ku tattauna wannan: a garinku, in aka ba da yaro riƙo, wa ake kira shaida, kuma wa ke zuwa daga baya ya duba yadda yake zaune? Malamin cibiya ya rubuta abin da kuka ce ya aiko mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake samo wa yaro takardar haihuwa.